Bai Taɓa Yin Ja Ba

Zuwa ga ƙanena, autan Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta wa da ƙane, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka da 'yar lelenka. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya sa albarka a aikin da ya kai ka nesa da mu, Ya dawo mana da ku cikin aminci. Mu nan muna nan. Inna ƙalau take in ban da gwiwa, wadda ta ce ta riga ni yin ritaya. Ni kuwa tun da na bar gidan jarida na koma sayen jaridun wasu ina ja musu layi da jan biro, ba wanda ya sa ni, ba kuma wanda ke gode mini.

Za ka yi mamakin ganin takarda, alhali kullum kana kiranmu muna ganin fuskarka a waya. Dalilin shi ne a waya kai kake fara magana, da barkwanci kake farawa, kuma duk gidan nan ba mai zuciyar katse ka. Don haka ka sami wuri ka zauna, ka karanta har ƙarshe kafin ka kira kowa.

Zancen yayarka ne, 'Yar Fara. Bari in fara da abin da ya fi muhimmanci, kamar yadda aka koya mana a wurin aiki. Kansar jinin ba ta dawo ba. Gwajin da aka yi mata kwanan nan ya fita tas, ɓargon da ka ba ta ya zauna yana aikinsa. Wannan gaskiya ce, ka riƙe ta da kyau, don za ka buƙace ta a gaba. Ga ta biyun: baƙin da ka ga fatarta ta yi, wanda kake tsokanarta da shi a waya, ba kalarka ba ce ta ɗauka. Ciwo ne, kuma ya kama mata hannuwa.

Ranar da aka sallame ta daga asibiti kai ka riga ka koma bakin aikinka. Wata ma'aikaciyar jinya ta tara mu a bakin gado, ni da mijinta da Goggo, ta yi mana jawabi tiryan-tiryan: a tafasa ruwan sha, a guji taro, a sa takunkumi, kada a tsallake magani ko sau ɗaya. Daga ƙarshe ta ce in muka ga fatarta ta yi ja, ko jajayen ƙuraje sun feso mata, mu dawo da ita a guje. Ta maimaita, mu ma muka maimaita mata kamar 'yan aji. Muka koma gida muka shiga gadin ja. Kowace safiya mijinta sai ya duba mata wuya da baya kafin ya tafi aiki, har tana masa tsiya cewa tun da ya aure ta bai taɓa kallonta da kyau haka ba. Wata ya bi wata, ja bai zo ba.

Duhu ne ya zo. Ya fara daga bayan kunne da gefen wuya, sannan bayan hannu, tabo-tabo kamar inuwa, launin toka mai ɗan shuɗi, har suka haɗe da juna. Goggo ce ta fara gani. Ta kama hannunta ta ɗaga wajen taga, ta kwashe da dariya, ta ce dashen ɓargo ya kama, jinin auta ya fito fili, ai wanda ya sha ɓargon baƙin mutum dole ya yi baƙi. Kafin yamma ta buga wa kaf dangi waya. Mutane suka riƙa zuwa suna leƙen ta daga bakin ƙofa suna barka. Ka san mun daɗe ba mu ji labari mai daɗi ba a gidan nan, ƙishirwarsa muke yi, muka karɓe shi hannu bibbiyu. Kai ma da aka gaya maka ka ce ka ba ta ɓargo, ka kuma yi mata gyara da kala kamar ɗan kasuwa na kirki, ka ce yau ka rama Gawayin da take kiranka kuna yara. Ta yi dariya har da tari. Daga ranar ba ka ƙara kira ba ka tambayi lafiyar gyaranka ba.

Kada ka ɗauka ba a je asibiti ba. An je duk ranar da aka ce a je, ni ke raka ta. Na nuna wa wani matashin likita wuyanta, ya duba a ƙarƙashin doguwar fitilar ɗakin, ya danna da yatsa, ya ce bai ga ja ba, bushewar fata ce, kuma magungunan ciwon kansa dama sukan sa fata ta yi duhu. Ya rubuta mata man shafawa. Zuwa na gaba wani muka tarar, shi ma bai ga ja ba. Dukansu sun fi kallon sakamakon jininta a kwamfuta fiye da kallon ita kanta, kuma sakamakon kyakkyawa ne, sai su yi mana murmushi mu tashi.

A lokacin ta koma shagonta na kitso kaɗan-kaɗan, tana karɓar kai ɗaya ko biyu a yini. Ba ta gaya wa kowa cewa da safe yatsunta ba sa lanƙwasuwa sai ta jiƙa su a ruwan ɗumi ba. Ba ta faɗi cewa abu mai ɗan yaji yana ƙona mata baki ba, ko cewa idanunta sun bushe kamar an watsa musu yashi. Fatar damtsenta ta soma sheƙi tana ɗaurewa. Rannan wata tsohuwar mai zuwa kitso wurinta ta dubi madubi, ta ce mata cikin ladabi kamar tsagar ta ɗan karkace. Ka san yayarka. Tun tana budurwa take kitso, ba a taɓa mayar mata da tsaga ba. Ta tsefe kan, ta ba matar haƙuri, ta rufe shagon. Sai a sannan babban likitan dashe ya dubi hannuwan da kansa, ya tura mu wurin likitar fata.

Ofishin matar yana can ƙarshen baranda, dab da ɗakin da ake jibge tsofaffin gadaje. Gajeriya ce, tabarau rataye a wuya, ba ta gaggawa. Ba irin likitan fatar da samari ke kai wa ƙurajen fuska ba ce. Aikinta bincike ne a kan abin da magungunan ciwon kansa da dashe ke yi wa fata: tafin hannun da ke salewa, farcen da ke ɓarewa, masu dashen ƙoda da kansar fata ke kamawa bayan shekaru. Abu na farko da ta yi shi ne ta kashe fitila, ta yaye labule, ta jawo kujerar 'Yar Fara gaban taga. Ta gwada mintsinin fatar damtsenta, fatar ta ƙi ɗaguwa. Ta ce ta haɗa tafukanta kamar mai roƙon alfarma, tafukan suka ƙi haɗuwa, aka bar ratar da cokali zai wuce. Ta tambayi yaushe duhun ya fara. Mijinta ya gyara zama ya ba ta labarin kalar auta, yana jiran ta yi dariya kamar kowa. Ba ta yi ba. Ta ci gaba da duba hannuwan.

Ga bayaninta. Na sa ta maimaita, na kuma koma gida na karanta abin da na samu, ban ga inda ta kauce ba. Ba a ɓargo ake yin launin mutum ba, a fata ake yi, kuma ba ya bin dashe. Abin da ɓargonka ya kai mata sojojin jini ne. Sun shiga sun tarar da ragowar kansar, sun gama da ita. Amma ba a gidan suka tashi ba, ba su san masu gida ba, sai suka juya kan fata da baki da ido suna yaƙarsu kamar baƙi. A jikin farar fata irin ta Turawa wannan yaƙi ja yake fitowa. A irin tamu kuwa duhu yake fitowa, toka-toka ko shuɗi-shuɗi, wani lokaci ma sai an taɓa an ji tauri ko ɗumi. Ta sauko da wani ƙaton littafi daga kanta ta riƙa buɗe mana shafi bayan shafi. Hotunan ciwon yayarka ne, amma duk a jikin mutanen da ba su yi kama da ita ba. Ta ce ɗalibai suna haddace ja, su ci jarrabawa da ja, su fito suna neman ja a jikin mutanen da ba sa yin ja. Ita ma haka aka koya mata.

Na yi mata tambayar da kowa ke tsoro: da mun zo tun lokacin da Goggo ta ɗaga hannun nan wajen taga fa? Ta ce ita ba ta san gaibu ba, amma a farko kumburi ne da magani kan kashe, abin da ya riga ya zama tabo ya ƙame kuwa da wuya ya saki gaba ɗaya. Wani abu zai dawo, ba duka ba. Wannan ce maganar da ta fi damuna, auta. Duk watannin da ciwon ke jin magani, mu muna tafa masa. Ba sakaci muka yi ba, ba mu tsallake ƙwaya ɗaya ba. An ba mu kalma guda mu yi gadinta, muka yi gadinta da gaskiya, ciwon ya bi ta gabanmu ya wuce muna yi masa barka da zuwa.

Yanzu tana kan wasu magunguna da ke kumbura fuska. Shi ne ƙibar da ka gani har ka ce ta fara cin rabonka. Ana kuma ɗaura ta a wani inji mai zuƙo jini ya bi da shi ta gaban wani haske ya mayar, tana kwance tana kallon silin. A gida akwai ƙwallon roba da take matsawa, da ruwan ɗumi, da miƙar yatsu da ke sa ta cije leɓe. Shagon ya tafi. Mata sun fara raɗa cewa ana ɗaukar ciwon, wata ma ta ambaci kuturta, masu yi mata aiki suka watse ɗaya bayan ɗaya. Na wuce ta wajen makon jiya, wani ke sayar da rigunan waya a ciki. Maduban nata suna nan a bango, bai ma cire su ba.

Duk ranar da muka je asibiti sai mun wuce ta gaban hotonta. Sun buga shi ƙato a zauren shiga, wanda aka ɗauka ranar sallama, tana murmushi, an rubuta NASARA a samansa. Tsohuwar jaridarmu ma ta ɗauki labarin, har da sunanka a matsayin ƙane na gari. Na san sana'ar, labari yana ƙarewa ne a inda hoto ya yi kyau. Babban likitan dashe in ya gan ta a baranda sai ya ce ga nasararmu nan, ya ɗaga mata hannu, ita kuma ta tura nata cikin mayafi. A lissafinsu wanda ke numfashi ya warke. Ban ce sun yi ƙarya ba. Amma macen da ke cikin hoton tana iya ɗaura zaninta da kanta, wadda nake rakowa kuwa ba kullum ba.

Likitar fata ta daɗe tana tara hotunan irin wannan ciwo a baƙar fata, tana son a sa su cikin abin da ake koya wa ɗalibai da ma'aikatan jinya. Ta ce yawanci sai ya ƙame ake turo mata mutane, shi ya sa hotunan farkon ciwon suka fi yi mata wuyar samu. Da ta ji Goggo ta yi ta ɗaukar wuyan da hannuwan a waya tana aika wa dangi, sai ta roƙi waɗannan ma. Ka ji inda murnarmu ta yi amfani. Ta nemi izinin ɗaukar sababbi, ba fuska, ba suna. Mijinta ya murtuke ya ce matarsa ba abin kallo ba ce. Yayarka ba ta ko dube shi ba, ta ɗora hannuwan a kan farin ƙyallen da ke tebur, ta ce, “Ɗauki, likita, hannuwa nawa ne. Amma ki rubuta a ƙasa cewa bai taɓa yin ja ba.”

To me ya sa ba a gaya maka ba? Ita ta hana. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya ta sa muka yi alkawari, har Inna. In za ka kira, mijinta ke jingina wayar da fulas, ita ta zauna hannuwa a cinya inda ba za ka gani ba. Ta ce ta tuna yadda alluran da aka yi maka kafin ɗibar ɓargon suka sa ƙasusuwanka ciwo, kana dafa bango kana cewa ba komai. Ta ce tun kana yaro kai ake yi wa faɗa a gidan nan, kai ka fasa, kai ka ɓatar, kai ka makara, abu guda ka yi da kowa ya miƙe ya yaba maka, ita ba za ta zama wadda za ta ƙwace maka shi ba. Ta fi son ka yi ta tsokanarta da gyara har abada. Kuma in gaya maka, tana dariyar nan da gaske, sai bayan ka kashe wayar ɗakin ke yin tsit.

Na karya alkawarin saboda abu biyu. Na farko Goggo. Wadda ta fara shelar dashe ya kama ita ce yanzu ke bin gidajen dangi tana cewa dama jinin yaron nan zafi gare shi tun yana goye, shi ne ke cin yarinyar mutane, da an nemi shawararta da ba a ɗauki nasa ba. Ba wanda ya tuna mata abin da ta faɗa a baya, ita ma ba ta tuna ba. Lambarka tana cikin wayarta, kuma ka san ba ta iya riƙe labari ya kwana. Gara ka ji daga wanda ya bincika. Na tambayi likitar kai tsaye ko laifin jininka ne. Ta ce abin yana faruwa ko da an sami dacewa mafi kyau tsakanin 'yan uwa, ba wanda zai iya cewa ga wanda zai samu tun kafin dashe, kuma sojojin da suka taɓa fatar su ne dai ke tsare ƙofa kada kansar ta dawo. Ba don su ba, da ba ta raye. Ba lallashinka nake yi ba, ka san ban iya ba. Ta kuma ce in ka zo tana son ɗan jininka don bincikenta, ta faɗa ƙarara cewa ba zai ƙara wa yayarka komai ba, na baya zai amfana. Wannan ya rage naka.

Na biyu shi ne zuwan da ka ce za ku yi. A waya ka yi wa 'yarka alkawari a gabanmu cewa goggonta, wadda ta fi kowa iya kitso a duniya, ita za ta yi mata, har yarinyar tana tsalle. Ka ga yayarka ta yi murmushi ta ce Allah Ya kawo ku. Abin da ba ka gani ba shi ne tun daga ranar ta sa aka nemo mata kan roba irin na koyon kitso, kullum da hantsi tana zaune da shi a tsakar gida. Tsinken tsaga yana suɓuce mata, ta sa a ɗauko, ta sake. Ƙananan kitso sun fi ƙarfinta, ta haƙura da su. Manya guda huɗu take nema. Jiya ta kai uku, na ukun ya warware kafin ta ƙulle shi. Likitar ta ce motsin yana da amfani, ta ci gaba, amma ba ta yi mata alkawarin komai ba.

Abin da nake roƙonka ke nan. Kada ka fasa zuwa, kada kuma ka sa a yi wa yarinyar kitso a can don ka sauƙaƙa wa yayarka, za ta gane, kuma wannan zai fi ciwon zafi. Ka kawo ta da kai a tsefe. Ka shirya ta tun a hanya cewa zama zai yi tsawo. In tsaga ta karkace, ka bar ta a karkace, ka hana maiɗakinka kai hannu. In kuma hannun ya gaza a tsakiya, to ya gaza, sai mu ga abin da za mu yi da fuskokinmu. Kukanka ka yi shi a can ka gama, ba ta son a shigo mata da fuskar ta'aziyya.

Ka gaida maiɗakinka da kyau, ka ce mata matata na gaishe ta. Ka shafa mini kan 'yar lelenka. Inna tana sa muku albarka, ta ce ka rage zama da yunwa. Kawu na gaisuwa, haka mijin yayarka, wanda kunya ta hana shi kiranka kwana biyu. Goggo ma na san za ta ce a gaishe ka.

Ban aiko da takardar nan a ɓoye ba. Da safen nan na gaya wa 'Yar Fara na rubuta. Lokacin kan robar yana tsakanin gwiwoyinta. Ta kira ni munafuki, ta ce dama ɗan jarida ba a ba shi ajiya. Daga baya ta ce tun da na riga na yi, in sa nata saƙon a ƙarshe yadda ta faɗa, kada in taɓa mata ko kalma ɗaya. Ga shi:

“Ka ce wa Gawayi ɓargon na riƙe, na gode, ba zan mayar ba. Gyaran kuwa ya zo da kansa ya ga abin da ya yi, ya kuma taho mini da 'yata.”

Wassalam. Allah Ya sada mu da alheri.

Yayanka,
wanda har yau kuke kira Edita